Liƙi a Goshin Nandini

Gadon da aka ba ni ranar da na sauka Doha na wani ne. Matashinsa na nan, silifas ɗinsa na ƙarƙashi, ga rabin kwalbar man shafawa a bakin taga. Ɗaki ne mai gadaje masu hawa biyu a wani kam, wato masaukin ma'aikata, da ke Sanaiya, unguwar garejoji da ɗakunan ajiya inda ake jibge ma'aikata baƙi. Na tambayi ina mai kayan. Babu wanda ya ɗago kai sai wani dattijo mai furfura a gemu. Shi ne Baba Tanimu, mutumin Azare, direban motar da ke kai masu gadi wuraren aiki, ya kuma daɗe a ƙasar. Ya ce mai gadon ɗan Kenya ne, wata mata ce ta kai ƙara cewa ya taɓa mata hannu a cikin lif, da safe aka zo aka tafi da shi.

Na ce, "To ya taɓa ɗin?"

"Wa ya tambaya?" in ji Baba Tanimu.

Kafin in kwance jakata ya karanta mini dokar zama. Ya ce a nan baƙo a kan takarda ɗaya yake rataye, kuma takardar tana hannun kafil, wato kamfanin da ya kawo ka. In abokin hulɗa ya kai ƙararka kamfani, sai a yi maka kansil, wato a soke takardar, a sa ka a jirgi. In kuwa ƙarar ta shafi mace har ta kai ga 'yan sanda, to kafin jirgi akwai ɗakin duhu, kuma ba mai ce maka ga ranar fita. Ya ce in ɗaure hannuwana a baya duk inda na ga mace, ko da tsohuwa ce mai sanda.

Sunana Mudassir, daga Malumfashi. Ni ne babba a gidanmu, kuma tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinmu, tukunyar Inna a kaina take. Ejan ɗin da ya yi mini hanya a Kano cewa ya yi otal zan yi aiki, in sa kwat in riƙa tarbar baƙi. Na yarda, don na riga na ga wannan otal ɗin a zuciyata tun kafin ya faɗa. Ni mutum ne da littattafan soyayya suka raina. Tun ina firamare nake satar na 'yan matan gidanmu daga ƙarƙashin katifa, irin waɗanda ake haya a bakin kasuwa, masu bango mai hoton fure da idon mace. A cikinsu duk saurayin da ya tafi ƙasar waje yakan dawo da mota da ƙamshi, kuma duk kukan da aka yi a shafi na ɗari, ana share shi kafin shafin ƙarshe. Guda bakwai na saka a jakata, tsakanin riguna.

Otal ɗin da na samu shi ne ƙofar wani wurin ajiye rodi. Awa goma sha biyu a tsaye, cikin yunifom mai kauri da takalmin but, rana tana dukan ƙarafa har iska ta riƙa rawa a kansu. Da na yi wa mudir, shugaban masu gadi, maganar otal, sai ya dube ni kamar na yi masa waƙa, ya ce yalla, in koma bakin aiki. Wata huɗu na yi a wannan ƙofar. Babu mace, babu yaro, babu ko akuya. Manyan motoci ne kawai ke shiga su fita. Abin da ya fi damuna shi ne shiru na la'asar, lokacin da a gida ake jin daka daga kowace katanga.

A wata na huɗu zafi ya kayar da ni. Na farka a wani ƙaramin asibiti ana ƙara mini ruwa, ina kiran Inna ban sani ba. Sai na ji wata murya a kaina da Hausa tsantsa tana cewa Innar tana gaishe ni, amma in daina motsa hannun. Sista Rifkatu ke nan, nas, mutuniyar Zonkwa, mace mai jiki da faɗa a baki. Ta ciro littafin da ke aljihun wandona, ta duba bangon, ta ce ashe ciwon biyu ne. Daga ranar ta mai da ni ƙaninta. Tana zaune a unguwar Fereej Abdel Aziz, a wani tsohon bene da suke raba ɗakuna da nas-nas 'yan Indiya, kuma duk Juma'ar da ba ta da aiki takan tuƙa tuwon masara da miyar kuka, ta kira ni in zo in karɓa a ƙofa. A matakalar benen nake zama in ci, don namiji ba ya shiga. Ranar farko sai da na yi hawaye a cikin miyar. Ta leƙo ta ce in gishiri bai ji ba in faɗa, ba sai na ƙara nawa ba.

Bayan na warke kamfani ya sauya mini wuri. Aka kai ni wani gini a cikin gari mai zauruka da ake haya don taro da darasi. Tebur aka ba ni a baranda ta hawa na biyu, da sanyin na'ura, da littafin rubuta masu shiga. Na ce a raina labarina ya shiga babi na biyu.

Ranar farko da la'asar na ji ƙasa tana amsawa. Dim, dim, tas, kamar ana sussuka a saman bene. Na bi sautin har ƙarshen baranda, na tarar da takalma jere a bakin wata ƙofa. A ciki 'yan mata ne kusan goma sun ɗan durƙusa, gwiwoyi a buɗe, suna dukan daɓe da tafin ƙafa. Wata dattijuwa siririya tana zaune a tabarma, tana buga ƙaramar sanda a kan guntun katako, ƙafafunsu na bin sandar. Na sa ƙafa ɗaya ciki don in gani sosai. Sandar ta tsaya. Takalmina kawai matar ta kalla har sai da na janye shi.

Ita ce Malama Kalyani, daga kudancin Indiya, can ƙasar Tamil. Na ɗauka na yi abokiyar gaba, amma da aka tashi sai ta aiko mini da shayi mai citta a ƙaramin kofin ƙarfe, ta biyo bayansa. Na gaishe ta da 'yan kalmomin da na tsinta a finafinan Indiya, ta yi murmushi ta ce wannan yaren mutanen arewacin Indiya ne, ita ma baƙuwarsa ce. Da Turanci muka ci gaba. Ta ce rawar sunanta Baratanatyam, kuma ba irin ta finafinai ba ce. Ta ce kafin yarinya ta fara sai ta sunkuya ta taɓa ƙasa ta shafa a idonta, tana neman afuwarta saboda dukan da za ta yi mata, shi ya sa takalmi ba ya hawa wurin.

Mace ce mai son a san abin da take yi. Ta ce yawancin yaran nan a Doha aka haife su, ba su taɓa ganin ƙauyukan kakanninsu da damina ba, labaran da aka ba ta tana ƙarama kuwa in ba ta sa su a jikin yaran ba, a kabarinta za su ƙare. Da ta ga ina saurare, sai ta riƙa barin ƙofar a buɗe. Ni ina tsaye daga waje, hannuwana a baya, tana nuna mini. Yatsu a buɗe haka, fure ne. Tafi a kan bayan tafi, manyan yatsu na motsi, kifi ne. Ga igiyar ruwa, ga fitila, ga mace tana duba madubi. Cikin wata biyu na fara karanta rawar kamar yadda nake karanta littafi, har na daina zuwa aiki da littafin.

A cikin ɗaliban akwai Nandini, wadda ta fi su shekaru, ɗalibar jami'a. Ba ta taɓa ce mini fiye da sannu ba. Amma idan ta ɗaura ƙararrawarta a idon sawu, irin akayau ɗin 'yan rawarmu sai dai ƙanana ne jere a kan fata, ta juya ido hagu da dama, sai in ga kamar duk abin da marubutan nan suka yi shekaru suna ƙoƙarin kwatantawa ne ya sauko ya tsaya a gabana. Ban yi niyyar komai ba, Allah shi ne shaida. Na dai ba ta wuri a cikin labarin da nake rubutawa a kaina, inda wani mai gadi ɗan talakawa yake tsaye a ƙofa, wata rana kuma a gane ko shi wane ne.

Nandini tana shirin abin da suke kira arangetiram. Malama ta ce ita ce ranar da ɗaliba ke hawa dandamali ita kaɗai a karon farko bayan shekaru tana koyo, a gaban iyaye da dangi, malamarta ta shaida cewa ta isa. Sau ɗaya ake yi a rayuwa. Allah ya yafe mini kwatance, abin da ya zo mini a rai shi ne walimar sauka.

Babbar rawar da za ta yi labari ne na ƙauyen su Malama, a bakin teku. Wata amarya ce mijinta masunci ya shiga teku, hadari ya taso, kwana uku babu labari. Kullum takan kunna fitila ta tsaya a gaɓa. A rana ta huɗu ta hango jirginsa daga nesa. Ta ruga gida, ta yi kwalli, ta sa fure a gashi, ta gyara jan ɗigon da ke goshinta, alamar mace mai miji, ta dawo da gudu ta buɗe hannuwa. Nan ne kullum nake tsayawa. Aikina ƙarfe shida yake tashi, kuma daidai wannan wurin ne Baba Tanimu ke danna hon a ƙasa, motar kamfani kuwa ba ta jiran kowa. Ban taɓa tambayar abin da ya biyo baya ba. Me zan tambaya? Jirgi ya dawo, amarya ta yi ado. Na karanta wannan shafin sau ɗari.

Baba Tanimu bai so zancen ba ko kaɗan. A mota yakan ce Ango ya shigo, a matsa masa. Wata rana da muka rage mu biyu ya rage gudu, ya ce ya ji ana ajiye gunki a wurin, na ce ni ƙofa nake gadi. Ya ce ba gunkin ne ya dame shi ba, idona ne.

"Mudassir, baƙo ko da ido makaho ne. Kai kuma naka idon ma a littafi ka aro shi."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Aka sa ranar wata Juma'a bayan la'asar, a babban zauren ƙasa. Malama da kanta ta roƙi mudir a bar ni in yi gadin ƙofar zauren har a tashi, don in ga abin da na daɗe ina leƙe. Ranar Alhamis na shiga Asian Town, kasuwar ma'aikata da ke gefen Sanaiya, na yi aski, na sayi turare, na kuma bi shaguna ina neman a canza mini kuɗi zuwa sababbin takardu. Ban gaya wa kowa ba. A wurinmu ba a tambaya. In mai rawa ta burge ka, ka fita fili ka liƙa mata kuɗi a goshi, kowa ya ga an yaba. Yarinyar da ta yi rawa a biki ba wanda ya fito ya yi mata liƙi, da kunya take komawa gida, uwarta ma haka. Na ɗauka in dangi sun gama nasu, ni ma in bi layi in sa nawa, in koma ƙofata.

Zauren ya cika. Mata cikin sari, zannuwansu na Indiya masu ruwan zinariya, ƙamshin furen yasmin ya rufe na turarena. An zo da kakanninta daga Indiya, tsoho da tsohuwa, an zaunar da su a gaba kusa da mahaifinta, Mista Rajan, injiniya mai gilashi wanda kullum yake wuce teburina ba ya gani na. A gefen dandamali an kunna doguwar fitilar tagulla. Makaɗa suna zaune a ƙasa, mai ganga mai baki biyu, da mai sarewa, da mawaƙi, Malama a tsakiyarsu da 'yan ƙananan kuge a hannu. Nandini ta fito da tafin hannu ja kamar an yi mata lalle, ta durƙusa a gaban Malama, ta karɓi ƙararrawarta da hannu biyu.

Ta yi rawa ɗaya, ta yi biyu, ta yi uku. Duk wadda ta gama sai a tafa, amma ba wanda ya tashi. Na taɓa sababbin takardun da ke aljihuna. Na ce wataƙila sai a ƙarshe.

Sai aka zo kan amaryar masunci. Ban taɓa ganin ta yi shi kamar ranar ba. Ta kunna fitilar da babu ita, na ga haskenta. Ta hango jirgin, ta ruga, ta yi kwalli, ta dawo, ta buɗe hannuwa. Ganga ta tsaya. Sarewa ta tsaya. Ta ƙame a wurin, ido a buɗe, hawaye na gangarowa.

Ba wanda ya tafa. Ba wanda ya motsa. Na dubi mahaifinta, hannunsa a kan gwiwa. Na dubi kakarta, ta rufe baki da gefen mayafi. Yarinya ta gama rawar rayuwarta, ta tsaya tana kuka a gaban zaure guda, kuma duk masu zinariyar nan babu mai tashi ya fitar da ita kunya. Haka na gani. Ban san lokacin da na bar ƙofa ba. Abin da na tuna shi ne ƙarar takalmina a kan katakon dandamali, ƙwas, ƙwas, cikin wannan shirun. Na ciro takarda sabuwa, na ɗora a goshinta, a kan jan ɗigon, na danna da yatsa don ta zauna. Gumi ya riƙe ta. Na ciro ta biyu.

Idonta ne ya fara gaya mini. Daga tekun labarin da yake kallo, ba a hankali ya dawo kaina ba, faɗowa ya yi. Ta ja baya, ƙararrawar ta yi wata ƙara mara tsari, ta sa hannu ta ɓalle takardar kamar wani ƙwaro ne ya sauka mata, ta juya ta shige bayan labule. Wata mata ta yi ƙara. Maza suka miƙe. Na ga wayoyi a sama ko'ina, duk suna kallona. Wasu hannuwa suka riƙe ni ta baya aka sauko da ni, ina cewa da Turanci kyauta ce, kyauta ce. Malama ba ta tashi daga inda take ba. Kugen na hannunta, tana kallon sawun takalmina a kan katako.

Nandini ba ta sake fitowa ba. Aka watse ba a ci abincin ba.

Mudir ya karɓe katin aikina a wurin, ya ce kada in fita daga kam. Daga baya ya ce Mista Rajan ya rubuta wa kamfani takarda, ya kuma ce ranar Talata, in ya raka iyayensa filin jirgi, zai wuce ofishin 'yan sanda da hoton bidiyon. Ba ya so tsofaffin su ga ƙarin tashin hankali ne kawai. Mudir ya ce khalas, wato magana ta ƙare, shi babu ruwansa.

Asabar da Lahadi na yi su a kan gado. Abokan ɗaki suka daina yi mini magana sosai, kamar abin yana yaɗuwa. Duk motar da ta tsaya a ƙofar kam sai in leƙa ta taga. Wani ɗan Nepal daga ɗakin gaba ya nuna mini bidiyon a wayarsa, ya riga ya zaga. Na ga wani baƙin mutum cikin yunifom yana tafiya kan yarinya da hannu a miƙe. Ni ma da ban san shi ba, da na ce a kama shi. Baba Tanimu bai ce ai na gaya maka ba. Yakan kawo mini shinkafa ya ajiye, ya zauna a bakin gadon yana jan carbi. Inna ta kira sau biyu ban ɗauka ba.

Sista Rifkatu ce ta kira ranar Lahadi da yamma. Ta gani a wayar abokiyar zamanta. Ta zage ni tas, ta ce wane irin shashasha ne zai ɗauki bikin Malumfashi ya kai dandamalin mutane. Da ta gaji, sai ta ce mahaifiyar Nandini nas ce, sun taɓa aiki a sashe ɗaya. Ta ce in turo mata duk wani bidiyon biki da ke wayata. Na tura mata na auren ƙanwata, inda kawunmu, dattijo mai rawani, yake liƙa wa amarya kuɗi a goshi tana sunkuyar da kai, mata na guɗa. Ita ma ta haɗa da na bikin 'yarta a coci. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Ranar Litinin da azahar mudir ya ce ana nemana a ginin, Baba Tanimu ya kai ni. Na hau hawa na biyu, na wuce teburina, wani ne zaune a kai. A bakin ƙofar na cire takalmi da safa.

Mutum uku ne a ɗakin. Malama a tabarmarta, Mista Rajan a tsaye jikin taga, Nandini a kusurwa cikin kayan gida, ba kwalli, ba fure. Na durƙusa kamar yadda ake yi wa manya a gida, na ba da haƙuri, na faɗi abin da liƙi yake nufi a wurinmu. Malama ta ce sun ga bidiyon bikin da Sista Rifkatu ta tura wa mahaifiyar Nandini, sun gane. Sai ta ce ni ma akwai abin da ya kamata in gane. Ta ce kakarta mai wannan rawar ce, a zamanin da maza ke jefa wa masu yin ta kuɗi a jiki, suna kiran su da sunan da ba za ta maimaita ba. Har aka kai lokacin da 'yar mutunci ba ta isa ta ɗaura ƙararrawa ba. An sha wuya kafin a wanke rawar, kafin uba irin wannan ya yarda 'yarsa ta hau dandamali. Ta ce tsohuwar da ke zaune a gaba ranar Juma'a ta san wancan zamanin, kuma da kyar aka shawo kanta ta zo.

Na sunkuyar da kai.

"Ka ɗauka an gama ne," in ji Malama.

Na ce e, jirgin ya dawo.

Ta dube ni. Sannan ta ce in koma jikin bango in zauna, kada in motsa har sai ta ce. Ta yi wa Nandini magana da yarensu. Yarinyar ta girgiza kai, Malama ta sake magana a hankali, sai ta tashi ta ɗaura ƙararrawa, ta taɓa ƙasa ta shafa a ido. Babu ganga, babu sarewa, sandar nan ce kawai da katako.

Daga wurin buɗe hannuwa ta fara. Ta tsaya, ta tsaya, har na ji numfashina. Sai na ga abin da take gani. Jirgin ya iso gaɓa, igiyar ruwa ce ta kawo shi. Ta leƙa ciki. Ta ɗaga taru, ta ajiye. Ta duba gaba, ta duba baya. Ta kira suna, bakinta ya motsa babu sauti. Ta zauna a kan yashi, ta cire furen daga gashinta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗaga hannu a hankali ta kai goshi, daidai inda na danna yatsana, ta goge ɗigon. Sandar ta buga sau ɗaya ta tsaya.

Wannan shirun da na taka da takalmi, shi aka yi shekaru ana koya mata.

Mista Rajan ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Bai dube ni ba, tagar yake kallo. Ya ce iyayensa sun tsufa, in sun koma ba za su sake hawo jirgi su zo ba, kuma abin da na gani yanzu su ba za su taɓa gani ba.

"Ba zan je wurin 'yan sanda ba," in ji shi. "Amma takardar da na kai kamfaninku, ba zan janye ta ba."

Na dubi Malama. Tana naɗe sandarta a cikin ƙyalle. Na yi godiya, don godiyar ce ta dace, na fita da baya.

Baba Tanimu yana cikin mota, ya kashe inji, ya buɗe ƙofa don iska. Ya dubi hannuwana tukuna kafin fuskata.

"Yaya?"

"Kansil ne. Amma ba ankwa."

Ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fuska. Ya tayar da mota, muka hau titi, gilasan dogayen gine-gine suna walƙiya a rana. Sai da muka kusa Sanaiya ya ce kamfani ba ya ɓata lokaci a irin wannan, ba zan wuce Alhamis ba. Ya ce in kira gida yanzu, kada tsohuwa ta ji a bakin wani.

Na ciro wayar. Bugu biyu ta ɗauka. Ina jin muryar mahaifina daga ciki yana ƙoƙarin tambayar ko ni ne.

"Mudassir? Kwana biyu ina nemanka. Lafiya ka kira da rana tsaka, ba ka wurin aiki?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Ina hanya."